Gani Ba Ci Ba Ne: Yadda Ake Karanta Alƙaluman Shafin Facebook

Jawabin da aka gabatar a zaman safe na Babban Taron Shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, bisa gayyatar Kwamitin Gudanarwa.



Mai girma Shugaban wannan taro, mai girma Shugaban Ƙungiya da 'yan Kwamitin Gudanarwa, Malam Firinsifal da sauran malamanmu na da da na yanzu, iyayenmu da yayyenmu 'yan ajujuwan farko, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe da nake hangowa can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya.

Kamar yadda Sakatare ya karanta mana ɗazu, akwai shawara a gaban wannan taro cewa a ware wani abu daga asusun Ƙungiya a biya Facebook, domin ya yaɗa sanarwar gidauniyar gyaran ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Kwamiti bai sami matsaya ɗaya ba. Wasu sun ce an gwada sau ɗaya a bara, kuma sanarwar ta kai ga mutane dubbai, saboda haka a ƙara. Wasu kuma sun ce dubban nan ba su gan su a asusun banki ba. Da yake harkar talla ita ce abincina, sai aka ce in zo in yi bayani kafin a kaɗa ƙuri'a bayan sallar azahar. Na kuma san cewa a cikin wannan zaure akwai masu shaguna, da masu makarantu, da masu ɗinki da kayan abinci, waɗanda kowane wata wani yaro yake turo musu hoton alƙaluma ya karɓi kuɗinsa. Maganar ta shafe su kamar yadda ta shafi Ƙungiya.

Bari in fara da abin da dattawanmu suka fi ni sani. Tun da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, duk mai sa talla a jarida ya san akwai lissafi iri-iri da ba a haɗa su. Akwai yawan kwafin da aka buga. Akwai yawan wanda aka sayar. Akwai yawan waɗanda suka karanta, domin kwafi guda yana iya zagaya majalisa, mutum ɗaya na karantawa goma na saurare. Akwai kuma kwafin da ba wanda ya buɗe shi, ya ƙare a teburin mai tsire. Mai hankali ba ya jin an ce an buga kwafi kaza, ya ce ashe mutum kaza sun ga tallata. To, alƙaluman da Facebook da Instagram da TikTok suke nuna mana haka suke, sai dai su ba sa zuwa da ɗan jarida da za a tsare da tambaya, zuwa suke a jere da zane mai launi, mai sa mutum ya ji kamar ya yi abin kirki.

Adadi mafi girma da za ku gani shi ne na fitowa, watau sau nawa saƙo ya bayyana a fuskar waya. Idan ya bayyana a wayar Ma'aji sau biyar, an ƙirga biyar. Daga shekarar 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya fara sa wannan irin adadi a gaba da sunan yawan kallo, har ga hoto da rubutu, ba bidiyo kaɗai ba. Sunan ya canza, amma ƙirgen maimaici ne. Na biyu shi ne isa, watau akawun nawa daban-daban saƙon ya kai gare su, ko da sau ɗaya ne. Ku lura na ce akawun, ban ce mutum ba, domin a nan ma na san akwai masu akawun biyu ko uku. Idan aka raba na farko da na biyu, sai a sami sau nawa kowane akawun ya ga saƙon a matsakaici. Na uku shi ne motsin jama'a: wanda ya danna alamar so, wanda ya yi sharhi, wanda ya tura wa wani, wanda ya latsa hoto don ya ƙara girma. Duk ana tara su a buhu ɗaya, alhali ba nauyinsu ɗaya ba. Mutumin da ya tura sanarwarmu zuwa zauren WhatsApp na ajinsu ya yi mana aiki. Wanda ya danna so yana kwance, ya wuce, bai ma karanta ba.

Ko kalmar "gani" ma tana buƙatar bincike. Ma'aunin da hukumar tantance alƙaluman talla ta Amurka ta amince da shi ya ce, idan rabin hoton talla ya bayyana a allo na tsawon daƙiƙa 1, an gan shi ke nan. Idan bidiyo ne, daƙiƙa 2. Facebook ya daɗe yana ƙirga daƙiƙa 3 a matsayin kallon bidiyo. TikTok kuwa da zarar bidiyon ya fara ya ƙirga. Ku gwada ku ƙirga daƙiƙa 3 a zuci. Ko sallama Shugaba ba zai gama ba a bidiyon neman gudummawar da aka ɗauka. A watan Satumban 2016 Facebook ya amsa cewa ya shafe kimanin shekara 2 yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke kallon bidiyo, saboda yana cire waɗanda ba su kai daƙiƙa 3 ba daga cikin waɗanda ake raba lissafin da su. Masu talla suka kai ƙara, a 2019 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 40 aka rufe maganar, ba tare da ya amsa laifi ba. Ban kawo wannan don in ce alƙaluman ƙarya ne ba. Na kawo shi ne don mu tuna cewa mai sayar da hatsin shi ne mai mudun, kuma shi ne yake awon.

Yanzu ga ainihin abin da ya raba kan Kwamiti. Duk saƙon da aka sa a shafi, ɗayan biyu ne. Ko dai ya tafi da ƙafarsa, ko a biya masa kuɗin mota. Wanda ya tafi da ƙafarsa shi ne wanda Sakataren Watsa Labarai ya rubuta ya sa, bai biya ko kwabo ba, kamfanin ya nuna shi ga wasu daga cikin mabiyan shafin, idan suka motsa a kansa ya ƙara nuna wa wasu. Wanda aka biya wa kuɗin mota shi ne wanda aka danna masa maɓallin nan da yara ke kira bustin, ko aka shirya masa talla ta Ads Manager, sai ya fito wa mutane da 'yar alama a sama mai nuna cewa an ɗauki nauyinsa.

Mutane da yawa suna zaton idan shafi yana da mabiya 5,000, duk abin da aka sa 5,000 ɗin za su gani. Wannan bai taɓa zama gaskiya ba, kuma abin ya yi ta raguwa. An kafa Facebook a 2004, a 2007 ya buɗe shafukan kamfanoni da ƙungiyoyi tare da tsarin tallarsa. A 2012 kamfanin da kansa ya ce a matsakaici saƙon shafi yana kai wa kimanin kashi 16 cikin 100 na mabiya, kuma a wannan shekarar ce ya fito da hanyar biyan kuɗi don a ɗaga saƙo. A farkon 2014 wani bincike na kamfanin talla na Ogilvy ya gano abin ya sauko zuwa wajen kashi 6, manyan shafuka kuwa wajen kashi 2. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya ba da sanarwar cewa za a fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na shafuka. Bayanin kamfanin shi ne kaya sun yi yawa, rumfa ta yi kaɗan: a 2014 sun ce duk lokacin da mutum ya buɗe Facebook akwai saƙonni kimanin 1,500 da ke jiran sa, ana zaɓo masa wajen 300. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a 2023 Meta ya sami kuɗin shiga kusan dala biliyan 135, kuma kimanin kashi 98 cikin 100 daga talla suka fito. Kowa ya haɗa biyun ya ga abin da ya gani.

Akwai wani sauyi da ya zo daga baya wanda ya kamata a sani. Tun wajen 2022, saboda gasa da TikTok, Facebook da Instagram suka ƙara yawan abin da suke nuna wa mutum daga shafukan da bai bi ba, musamman gajerun bidiyo. Saboda haka saƙo mai tafiya da ƙafarsa yana iya yin nisa ƙwarai ba tare da ya biya ta ƙofar mabiyansa ba. Idan bidiyon faretin 'yan makaranta ya sami kallo mai yawa, kada mu yi saurin cewa tsofaffin ɗalibai sun farka. A buɗe wurin da ake raba masu kallo gida biyu, mabiya da waɗanda ba mabiya ba, a kuma duba garuruwansu da shekarunsu.

To, mene ne bambancin ma'anar adadin nan biyu? Isar saƙo mai tafiya da ƙafarsa tana faɗa mana wani abu game da saƙon da kuma jama'armu. Idan hoton tsohon ɗakin cin abinci ya fi sanarwar biyan kuɗin shekara tafiya sau goma, mun koyi darasi game da abin da ke taɓa zukatan 'yan'uwa. Isar saƙon da aka biya wa kuwa, mafi yawan abin da take faɗa shi ne nawa muka biya. Gwanjo ake yi a kan kowane gurbin talla, tsarin yana auna kuɗin da mai talla ya sa, da yiwuwar mutumin da za a nuna wa ya yi abin da ake so, da ingancin tallar. Ka ƙara kuɗi, isa ta ƙaru. Ka daina biya, ta tsaya cak a ranar. Don haka wanda ya zo ya ce mini saƙonsa ya kai ga mutum dubu sittin, tambayata ta farko ita ce, nawa ne a ciki suka zo da ƙafa, nawa aka yi jigila? A Meta Business Suite ana nuna su a rarrabe, ga duk wanda ya so ya duba. Kuma in kun haɗa biyun kuka ga sun fi jimillar da aka rubuta, ba kuskure ba ne: akwai wanda ya ga saƙon ta hanyoyin biyu, aka ƙirga shi a kowane gida.

Abin da ya fi cin kuɗin mutanenmu shi ne wata 'yar tambaya da ake yi wa mai talla tun farko, a wuce ta da sauri: me kake so tallar ta samo maka? Akwai zaɓin a yaɗa ta ga jama'a da yawa, akwai zaɓin a samo masu motsi a kanta, akwai na masu latsa adireshi, akwai na masu aiko da saƙo, akwai na masu saye. Na'urar ba ta da wayon gane nufin zuciyarka, amma tana da biyayya. Idan ka ce so kake a danna maka alamar so, za ta nemo maka mutanen da ta sani suna danna so a kan duk abin da ya gifta, domin su ne suka fi araha. Za ka wayi gari da dubban alamomi, da sharhi irin na "Masha Allah" da "Allah ya sa albarka", kuma babu wanda ya tambayi lambar asusu. Ba a cuce ka ba. Abin da ka aika a sayo aka kawo maka.

A nan ne kuma 'yan damfara suke samun ƙofa. Akwai masu sayar da mabiya da alamomin so a farashi mai rahusa, kuma akasarinsu akawun-akawun ne na bogi. A watanni 3 na farkon 2019 kaɗai, Facebook ya ce ya rufe irin waɗannan akawun kimanin biliyan 2.2. Shafin da aka cika da su yana cutar kansa ne, domin duk saƙon da ya fita za a gwada shi a kan waɗansu daga cikinsu, ba za su motsa ba, sai tsarin ya ɗauka saƙon ba shi da daɗi, ya rage yaɗa shi. Taron tsintsiya ba shara ke nan.

Ina roƙon malaminmu na lissafi, wanda nake gani a layin gaba, ya bi ni da ido a nan, in na kauce ya gyara. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai na zana don bayani, ba na shafin Ƙungiya ba ne.

A ce mun sa sanarwar gidauniya ta tafi da ƙafarta, ta kai ga akawun 900, mutum 45 suka ba da gudummawa. Watau mutum 1 cikin kowane 20. A ce kuma mun biya naira 50,000 a kan wannan sanarwa, ta kai ga akawun 60,000, ta fito sau 150,000, aka danna mata so sau 2,400, mutum 300 suka latsa adireshin da ke ƙasa, mutum 12 suka ba da gudummawa. Mai kawo rahoto zai tsaya a gabanku ya ce kowane so ya zo mana a kan naira 21, ai ko ruwan leda ya fi shi tsada. Gaskiya ya faɗa. Kowane latsawa kuma ya kama naira 167. Amma mu ba so muka fito nema ba, gilashin gwaji da famfo da rufin kwano muke nema. A ƙara harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin 100, wanda Meta ya fara karɓa daga masu talla a Nijeriya tun Janairun 2022, sai kuɗin ya zama naira 53,750. A raba da 12, kowane mai gudummawa ya zo mana a kan kusan naira 4,500. Idan kowannensu ya ba da naira 5,000, mun tara 60,000, abin da ya rage wa ɗakin gwaje-gwaje naira 6,250 ne.

Ban gama ba, domin akwai tambayar da ta fi wannan wuya. Cikin mutum 12 ɗin nan, nawa ne da ma za su bayar ko ba a yi talla ba? Wataƙila sun riga sun ga sanarwar a zauren ajinsu, suna jiran albashi ne kawai, tallar ta same su a hanya. Kun san ɗan kamasho a tasha, wanda yake hango fasinja ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya rugo ya kama masa jaka, ya ce wa direba shi ya kawo shi. Tsarin lissafin talla yana da wannan hali. Bisa ƙa'idar da Meta ya sa a gaba tun 2021, idan mutum ya latsa talla ya yi ciniki cikin kwana 7, ko ya gan ta kawai ya yi ciniki cikin kwana 1, tallar tana iya karɓar ladan.

Wannan ba matsalar ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ce. Kamfanin eBay na Amurka, mai kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya daɗe yana biyan kuɗi don tallarsa ta fito a sama duk lokacin da mutum ya rubuta sunan kamfanin a injin bincike, kuma rahotanni suna nuna tallar tana kawo ciniki mai yawa. A 2012 masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, suka bi diddigin abin da ya faru da aka dakatar da wannan talla a wasu injunan bincike aka bar ta a wani. Sai ga shi kusan dukkan mutanen sun iso eBay ta adireshin kyauta da ke ƙasan inda tallar take. Da suka faɗaɗa gwajin zuwa sauran tallace-tallacen, suka ga waɗanda talla take motsawa da gaske su ne sababbin masu saye da waɗanda ba su cika zuwa ba, amma yawancin kuɗin yana tafiya ne a kan 'yan gida. An buga binciken a mujallar Econometrica a 2015. Ku lura da yadda suka gano: ba ta hanyar ƙura wa alƙaluman ido ba, sai da suka kashe tallar a wani wuri suka kwatanta.

Mu koma misalinmu. Idan 8 daga cikin 12 da ma za su bayar, to tallar ta kawo mutum 4 ne kacal, naira 20,000, a kan 53,750 da aka kashe. Wani zai ce shi ke nan, magana ta ƙare, kada a biya. Ni ban ce haka ba, kuma a nan nake so ɓangarorin Kwamiti biyu su saurare ni. Ba adalci ba ne a ɗora 1 cikin 20 kusa da 1 cikin 5,000 a ce talla ta faɗi. Saƙon farko gida ya shiga, wurin mutanen da suka kwana a ɗakunan kwanan nan, suka sha bulalar firifet ɗaya. Na biyu kasuwa aka kai shi, wurin baƙi. Aikinsu daban, ma'auninsu ma dole ya bambanta. Abin da kuɗi zai iya yi mana, wanda ƙafa ba za ta yi ba, shi ne ya nemo 'yan'uwan da suka ɓace mana: wanda ya gama shekara talatin da suka wuce, aiki ya kai shi Legas ko Fatakwal ko wajen ƙasa, ba ya cikin kowane zaure, bai ma san Ƙungiya tana da shafi ba. Idan mutum 4 ɗin nan irin waɗannan ne, suka shiga rajista, suka riƙa biyan kuɗin shekara, ɗaya daga cikinsu ya jawo 'yan ajinsu goma, to 53,750 ba asara ba ce. Idan kuwa 'yan gida muka biya kuɗi aka nuna wa abin da suka riga suka sani, mun yi wa ɗan kamasho sadaka.

Wata matsalar tamu ta musamman ita ce, mafi yawan abin da ke faruwa da sanarwarmu Facebook ba ya ganinsa. Mutum zai ɗauki hoton sanarwar ya tura WhatsApp, daga nan ta bi zaure zuwa zaure, babu allon da zai nuna mana wannan tafiya. Gudummawar kuma ta banki take shigowa, Ma'aji ne yake ganin alat. Ga 'yan kasuwarmu ma haka abin yake: a ga kaya a Instagram, a yi ciniki a waya, a biya ta tiransifa. Saboda haka rabin littafin yana hannun kamfanin, rabi yana hannunmu, kuma namu rabin shi ne mai kuɗin. Wanda bai riƙe nasa rabin ba, dole ya yarda da duk abin da aka faɗa masa. Hanyar riƙewar kuwa ba ta buƙatar kwamfuta. Mai shago ya tambayi duk sabon mai saye, a ina ka gan mu, ya rubuta a littafi. Wata ɗaya ya isa ya nuna masa abin da hotunan alƙaluma na shekara ba su nuna ba.

Dangane da shawarar da ke gabanmu, ga abin da nake gani. Kada a fara da biya. A ba sanarwar mako 2 ta tafi da ƙafarta, a shafi da kuma zaurukan ajujuwa ta hannun wakilan aji, a roƙi duk mai turo kuɗi ya rubuta shekarar da ya gama a bayanin tiransifa. Ma'aji ya riƙe lissafin kowace rana. Wannan zai ba mu ma'aunin da za mu kwatanta da shi. Bayan nan sai a gwada talla ta mako 2, da kuɗin da bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu na abin da aka nema ba. Kada a sa mata sanarwar neman kuɗi, domin baƙon da ka shekara ashirin ba ka gani ba, ba a tarbarsa da ƙoƙon bara. A sa hoton ƙofar makaranta ko na hasumiyar tankin ruwa, wanda duk wanda ya zauna a nan zai gane, da tambaya ɗaya: ka yi karatu a nan? A zaɓi manufar aiko da saƙo, ya tafi kai tsaye ga lambar Ƙungiya da ke hannun Sakatare. A taƙaita shekarun waɗanda za a nuna wa, da garuruwan da muka san mutanenmu suna zaune. A ƙarshen mako 2, rahoton da za a kawo wa Kwamiti ya faɗi nawa aka kashe har da haraji, mutum nawa suka aiko da saƙo, da nawa daga cikinsu sunayensu ba sa cikin rajista a da. Wannan adadi na ƙarshe shi za a raba kuɗin da shi.

Akwai hanyar da ake ɗora jerin lambobin wayar membobi a tsarin tallar, a ce kada a nuna musu, don kuɗin ya tafi ga waɗanda ba mu da su. Tana aiki, amma ina jan kunne: lambobin nan amana ce, kuma tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Sai an nemi yardar masu su. Lauyoyinmu suna nan, su ba Kwamiti shawara kafin a taɓa jerin.

Sa'an nan akawun ɗin tallar ya kasance da sunan Ƙungiya, mutum biyu aƙalla su riƙe mabuɗinsa, kuma rasit ɗin da za a kai wa mai binciken kuɗi ya zama wanda Meta ya fitar, ba hoton allo ba. Na taɓa ganin wata makaranta mai zaman kanta da ta rasa shafinta da mabiyanta duka, saboda yaron da ya buɗe shi da sunansa ya bar aiki cikin fushi. Duk sunan da aka samo kuma a shigar da shi rajistar Sakatare a ranar, da lambar waya da shekarar gamawa. Mun ga yadda aka rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun kuma ga ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa 6. Mabiyan shafi a gidan haya suke zaune.

Mai girma Shugaba, na roƙi Sakataren Watsa Labarai ya haska mana shafin Ƙungiya a bango da zarar an idar da salla, ya buɗe sanarwar da aka biya wa kuɗi a bara, mu ga nawa suka zo da ƙafa, nawa aka yi jigila, da manufar da aka zaɓa mata. Ma'aji kuma ya zo da takardar banki ta wannan watan. Duk wanda yake da shago ko makaranta kuma yana son a duba tasa tare, zan zauna a tsohon ɗakin karatu har la'asar.